Ƙonni Tasha Ce, Ina Masu Zana Ta?

Daga Birnin Ƙonni zuwa bakin teku, ko ta Legas aka bi ko ta Kwatano, tafiya ce ta wajen kilomita dubu a mota, kuma yawancin masu cin kasuwar Laraba a garin ba su taɓa ɗora ido a kan jirgin ruwan dakon kaya ba. Amma da wuya a sami gari a jihar Tawa da tukunyarsa ke jiran abin da jirgin ruwa ya sauke kamar Ƙonni. Shinkafar Tailan da ta Indiya, da dilolin gwanjo, da babura 'yan Sin, da man girki na jarka, duk sai da ƙugiyar wata tasha ta ɗaga su kafin su hau bayan kamyo su nufo arewa. Albasar Galmi kuwa gangarawa take yi, ta sauka Abijan da Akara da Kwatano. Shekara da shekaru, kafin 2023, gangunan yuraniyom na Arlit sun riƙa bi ta Agadas da Tawa, su ratsa nan, su wuce Doso da Gaya su shiga Benin inda jirgi ke jiransu. Mai shakkar wannan alaƙa ya sami amsarsa a 2023. An yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi ranar 30 ga watan, manyan motoci suka yi jerin gwano a Malanbil, bakin iyakar Benin, ba shiga ba fita, aka rufe ƙofar Illela ta Sakkwato, 'yan dako da 'yan canji da 'yan kamasho da mata masu tuwo a bakin tasha suka zauna hannu rabbana har watan Maris na 2024. Kafin nan ma an ɗanɗana irinta lokacin da Najeriya ta garƙame iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020.

Shi ya sa nake cewa Ƙonni tasha ce, irin tashar da ake nufi idan an ambaci Kwatano ko Marsai ta Faransa, ruwan ne kawai babu. A nan kaya ke sauya mota, kuɗi ke sauya suna daga naira zuwa sefa, takarda ke sauya harshe daga Ingilishi zuwa Faransanci, a nan kuma ake zaman jira, wanda shi ne babban aikin kowace tasha a duniya. Ƙorafina shi ne wannan tasha ba ta da hoton kanta. Duba bangon shagunan garin da rumfunan masu shayi da ɗakunan amare. Za ka ga Ka'aba da masallacin Madina, waɗanda ba mai cewa a sauke su, ka ga shehunnai da 'yan kokawa da 'yan ƙwallon Turai, ka ga dogayen benayen Dubai da wani ruwa mai zubowa daga dutse a ƙasar da ba wanda ya san sunanta. Da wuya ka ga layin kamyoyi a gaban ofishin duwan da asuba, ko tsibin buhunan albasa a bakin kwalta a Galmi, ko dogayen rumbunan masana'antar siminti ta Malbaza. Muna kwana muna tashi a cikin abin, ba mu taɓa ɗaukarsa abin kallo ba. Wasu masu zane a Faransa da Beljiyam sun yi wa tashoshinsu wannan aiki sama da shekara ɗari da talatin da suka wuce. Akwai abin ɗauka a aikin nasu, akwai kuma abin da ya kamata mu bar musu kayansu.

Mutanen su ne waɗanda mai sharhin zane Félix Fénéon ya raɗa wa suna Néo-impressionnistes a 1886, jama'a kuma suka fi saninsu da masu zanen ɗigo-ɗigo. Jagoransu Georges Seurat ya zo da wata dabara: maimakon a dama launuka wuri guda kafin a shafa, sai a ɗiga kowane launi tsantsarsa kusa da ɗan'uwansa, a bar idon mai kallo ya haɗa su daga nesa. Wanda ya taɓa riƙe hula ƙube dab da fuskarsa ya san abin, domin a kusa zare ne shuɗi da ja da rawaya kowa yana zaman kansa, sai an ɗora ta a kai an ja da baya launin hular ke fitowa. Tushen ilimin ma daga marina ya fito. Michel-Eugène Chevreul, masanin sinadarai da ke shugabantar sashen rini a masaƙar Gobelins ta Faris, shi ya wallafa littafi a 1839 kan yadda launi ke sauya kama idan ya zauna kusa da wani launin. Seurat bai yi tsawon rai ba, ya rasu a 1891 yana da shekara 31. Abokinsa Paul Signac, wanda aka haifa a 1863 ya rasu a 1935, shi ya ɗauki tutar, har ya rubuta littafin da ya shimfiɗa ƙa'idojin salon a 1899. A riƙe wannan shekara, za mu sake haɗuwa da ita a Ƙonni.

Tun farko hankalinsu yana bakin ruwa. Seurat yakan bar Faris da bazara ya tafi ƙananan tashoshin arewacin Faransa: Grandcamp a 1885, Honfleur a 1886, Port-en-Bessin a 1888, Le Crotoy a 1889, Gravelines a 1890. Signac kuwa matuƙin jirgi ne na gaske, ya mallaki ƙananan jirage wajen talatin a tsawon rayuwarsa, kuma a cikin ɗayansu mai suna Olympia ya isa Saint-Tropez a 1892, lokacin garin ƙauyen masunta ne da ba wanda ya damu da shi. Daga baya ya zana Banis a 1904, Rotadam a 1906, Istanbul a 1907. Dalilin wannan son a fili yake. Ruwa yana farfasa haske ya mai da shi tsaki-tsaki, abin da salon nasu ke nema ke nan, sannan tasha tana bai wa mai zane tsayayyun layuka na turakun jirage da kwantaccen layi na inda sama ta haɗu da teku. Amma akwai wani dalilin da ya fi wannan nauyi. A makarantar zane ta gwamnatin Faransa, tun ƙarni na goma sha bakwai an jera darajar hotuna hawa-hawa: labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe da allolin Girka a sama, shimfiɗar ƙasa da kayan amfanin yau da kullum a ƙasa. Mutumin da ya share watanni yana ɗiga fenti don ya fito da hasumiyar fitila da igiyar ɗaure jirgi da rumbun ajiyar kaya, yana faɗa wa masu wancan jeri ne cewa inda ake neman abinci bai gaza fada ba.

Zanen tagulla ya saka su cikin wata tsaka-mai-wuya da ta cancanci a tsaya a kanta. Yadda ake yinsa shi ne a sami fallen jan ƙarfe mai santsi, a shafe shi da kaki, a ɗauki allura a yi zane a kan kakin har ƙarfen ya bayyana a duk inda allurar ta bi. Sai a tsoma fallen cikin ruwan asid, asid ya ci wuraren da aka buɗe ya bar inda kaki ya rufe. A wanke kakin, a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman, a ɗora jiƙaƙƙiyar takarda a tura cikin injin matsi. Hoton zai fito a juye, dama ta koma hagu, kuma falle guda zai iya ba da kwafi masu yawa kafin ya suɗe. To ga mutanen da duk hujjarsu ta rataya a kan launi, an miƙa musu kayan aikin da bai san komai ba sai baƙi da fari. Dole suka koyi fito da ƙyallin ruwa ta hanyar tazarar da ke tsakanin tsaga da tsaga: inda aka cunkusa gajerun layuka duhu ne, inda aka sassauta su haske ne, farar takardar da ba a taɓa ba ita ce rana. Théo van Rysselberghe, mutumin Beljiyam, ya yi nisa a wannan fanni, kuma zanensa na ayarin jiragen masunta ya fito a 1894 cikin L'Estampe originale, jerin hotunan ɗab'i da André Marty ya riƙa fitarwa daga 1893 zuwa 1895, kowane hoto kwafi ɗari. Signac ya taɓa zanen tagulla kaɗan, amma ya fi karkata ga ɗab'in dutse mai launi, inda ake buga kowane launi da dutsensa, kuma da shi ya fitar da tashar Saint-Tropez da ta Flessingue a ƙasar Holan. Dukansu sun sha daga Johan Barthold Jongkind, wanda ya riga su zana jirage da tashoshi a kan tagulla tun shekarun 1860, har Signac ya rubuta littafi a kansa a 1927.

Me ya kai su ga wannan wahala alhali suna da fenti? Hoton fenti guda ɗaya ne tak, yana shiga falon mai kuɗi a rufe ƙofa. Hoton ɗab'i yana haihuwa, farashinsa yana sauka, yana shiga jarida da ambulan da ɗakin malamin makaranta. Su kuwa ba su ɓoye ra'ayinsu na siyasa ba, yawancinsu 'yan akidar ƙin mulkin danniya ne masu goyon bayan ma'aikata. An tsare Maximilien Luce a kurkukun Mazas a 1894 bayan kisan shugaban Faransa Sadi Carnot, aka gurfanar da Fénéon gaban kotu a watan Agusta na shekarar, kotu ta wanke shi. Signac da Luce sun ba da hotunan ɗab'i ga jaridar Les Temps nouveaux ta Jean Grave don ta sami abin rayuwa. Wannan shi ne darasin da ya fi dacewa da garin da talakawa suka fi yawa: idan ana son hoto ya zama na jama'a, to a yi shi ta hanyar da zai yawaita.

Yanzu ga abin da bai kamata mu kwaikwaya ba. Ka dubi hotunan Gravelines na Seurat, za ka ga tasha tsaf, ruwa kwance, jirage a ɗaure, ba mutum ko ɗaya. Tashoshin Signac cike suke da haske ruwan hoda da shunayya, mutanen ciki kuwa, in akwai su, 'yan ɗigo ne can nesa. A wajen 1905 ya zana Marsai, cocin da ke kan tudu tana iyo cikin hasken safiya. A wannan lokacin Marsai ita ce babbar ƙofar mulkin mallakar Faransa, nan ake sauke gyaɗar Senegal da ta Indiya da manjan Dahome a kai masana'antun mai da sabulu, kuma a 1906 birnin ya shirya gagarumin baje kolin ƙasashen da Faransa ta mallaka. Babu ɗigo ɗaya na wannan a hoton. Luce ne ya fita daban. Shi ɗan talakawa ne da ya fara da koyon sassaƙa hoto a kan katako don jaridu, ya zana masana'antun ƙarfe na Charleroi da masu kafa turaku a bakin kogin Sen da hayaƙin tashar Rotadam, kuma a wurinsa ana ganin gwiwar hannun ma'aikaci. Sai da 'yan dakon suka ɗauki alƙalami da kyamara da kansu sannan tasha ta fito da zufarta. Sembène Ousmane ya yi dako a Marsai kafin ya wallafa Le Docker noir a 1956. Namu Umaru Ganda, haifaffen Yamai, lebura ne a tashar Abijan lokacin da Jean Rouch ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958, kuma daga nan ya zama mai shirya fim har ya ci babbar kyautar FESPACO a 1972. Duk mai zanen da zai fito da tashar Ƙonni ya share ɗan dako da mai amalanke da yarinya mai tallan fura don hoton ya yi tsabta, ya maimaita kuskuren da aka riga aka yi a Marsai.

Na san abin da wani zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce a rasa inda za a nemo abin koyi sai Faransa, kuma a rasa wanda za a karanta wa sai mutumin Ƙonni? A watan Mayun 1899, shekarar da littafin Signac ya fito a Faris, rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙonni, ta karkashe ɗimbin jama'a ta ƙone garin, makonni kaɗan bayan ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. Ba a manta ba, bai kuma kamata a manta ba. Amsata ita ce wannan tarihin ne ma ya sa hotunan suka shafe mu, domin tekun da ke cikinsu yana da hannu a shata iyakar da muke ci daga gare ta. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yunin 1898 ta ɗora tsinken kamfas a kan Sakkwato ta ja baka mai nisan mil ɗari, Ƙonni ta faɗa ɓangaren Ingila. Faransa ta ga an bar ta da hanyar da ba rijiya tsakanin kogin Isa da Damagaram, ta yi ta neman gyara. Ta samu a yarjejeniyar 8 ga Afrilun 1904, kuma cikin abin da ta biya har da haƙƙin da masuntanta suka daɗe da shi na shanya kifi a gaɓar tsibirin Newfoundland, can kusa da Kanada. Ko a lokacin layin ya bi ne kilomita 20 arewa da Ƙonni, sai yarjejeniyar 1906 ta ƙara turo shi kudu, garin ya koma hannun Faransa. Manyan jiragen kamun kifin Newfoundland daga tashoshi irin su Saint-Malo suke tashi, kuma Signac ya zana su a can a 1928, jere da tutocinsu ranar bikin sallamarsu. Wato tsakanin wancan hoto da shingen da ke raba Ƙonni da Illela akwai zare, ko mai zanen bai sani ba. Mutumin Adar da ya san wannan zai kalli hoton da idon da Bafaranshe ba shi da shi. Ita kuwa dabarar cin ƙarfe da asid ba gadon gidan Voulet ba ce. A hannun masu yi wa sulke ado a Jamus ta fara wajen shekarar 1500, ta bi duniya, kamar yadda takarda ta fito daga Sin ta zo ta ɗauki karatun malamanmu.

Ƙalubale na biyu na addini ne, kuma ba na son in tsallake shi da wayo, domin ya taɓa daidai inda nake matsawa. Game da jirage da motoci da gine-gine da itatuwa babu gardama. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya kawo wa Abdullahi ɗan Abbas tambaya, ya gargaɗe shi kan zana mai rai, ya kuma nuna masa ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Da a ce tasha irin ta Seurat nake nema, wadda ba kowa ciki, da magana ta ƙare a nan. Amma na ce a sa ɗan dako, shi kuwa mai rai ne. Sanannen abin da ke cikin littattafan Malikiyya, mazhabar da ƙasar nan ta tashi a kai, shi ne haramcin ya tabbata a kan gunki cikakken halitta mai inuwa, shi kuwa zanen da ke shimfiɗe a kan takarda ko tufa hukuncinsa bai kai can ba. Akwai malaman da suka tsananta fiye da haka, kuma fatawa tasu ce, ba ta marubucin jarida ba. Sai dai ko a kan ra'ayi mafi tsanani ƙofa ba ta rufe ba. Ana iya nuna aikin mutum ba tare da an zana fuskarsa ba: buhun da ya lanƙwasa baya, gammon da aka ajiye a kan dakali, amalanken da aka jingine, jerin butoci a gefen kamyo lokacin azahar. Al'ummar da ta ƙware wajen zayyanar allo da adon bangon soro ba za ta rasa yadda za ta faɗi abu a kaikaice ba.

Sai mai cewa zamani ya wuce nan, kowa da wayarsa, hoton tasha ai yana cikin aljihun kowane yaron mota. Gaskiya ne ana ɗauka, amma ina suke? Suna yawo a WhatsApp kwana biyu, waya ta cika a goge, ko ta faɗa ruwa, ko a sace ta. Sannan duk mai bin iyaka ya san jami'ai ba sa son a ɗaga musu waya a bakin shinge, mai littafi da fensir a rumfar mai shayi kuwa ba ya tsone wa kowa ido. Bambanci mafi girma yana cikin aikin kansa. Waya tana kwashe duk abin da ke gabanta a cikin ƙiftawar ido, mai zane kuwa dole ya zauna ya zaɓa, ya yanke shawarar abin da zai shiga da wanda zai bari, kuma wannan zaɓin shi ne ra'ayinsa game da garin. Don a ga amfanin abin, a dubi aikin Signac na ƙarshe. Daga 1929 zuwa 1931 ya zagaya gaɓar Faransa yana zana tashoshi kimanin ɗari da fentin ruwa, daidai lokacin da jirage masu tafiya da iska ke ƙarewa. Bayan 'yan shekaru Yaƙin Duniya na Biyu ya rusa Lorient da Brest da Le Havre, tsohon birnin Saint-Malo ya ƙone a Agustan 1944. Abin da aka zana don ƙawa ya koma shaida. Tashar Ƙonni ba ta jiran bam, amma tana iya sauyawa cikin sauri. Bututun mai daga Agadem zuwa Seme a gaɓar Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya fara loda jirgi a 2024 ba tare da ya nemi direba ko ɗan kamasho ba. An ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a 2021, kuma ranar da ya fara aiki wani kaso na kayan da ke bi ta Sakkwato zai iya sauya hanya. Rikicin da ya biyo bayan juyin mulkin 2023 ya riga ya karkatar da kaya masu yawa zuwa Lome ta cikin Burkina. Yaron da za a haifa bana yana iya girma bai ga layin motocin da ubansa ya ci abinci a gindinsu ba.

Maganar cewa mai jin yunwa ba ya kallon hoto ba za ta ɗauke mu lokaci ba, tunda masu faɗinta ma akwai kalanda a bangonsu. Abin tambaya na gaske shi ne kayan aiki da hannun da zai yi. Jan ƙarfe mai santsi da asid da injin matsi ba a kasuwar Ƙonni suke ba, kuma asid ba abin wasa ba ne a hannun wanda bai koya ba. Amma ɗab'i bai tsaya kan tagulla ba. Ana yinsa da katako, da roba, da ledar daɓe, ana iya tsaga hoto kai tsaye da tsinken ƙarfe a kan tsohon farantin maɗaba'a ko fallen roba mai tauri ba tare da asid ba, kuma bayan cokali yana iya maye gurbin inji idan hoton na katako ne. Bruce Onobrakpeya, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, ya gano tasa dabarar ce a 1967 bayan asid ya ɓata masa faranti, ya liƙe wurin da gam, ya ga gam ɗin ma yana ɗaukar zane. Hannu kuwa akwai shi. Mai sassaƙa hatimi a bakin ofis ya riga ya iya abu mafi wuya a wannan sana'a, wato rubutu a juye. Mai zanen ƙwarya ya san yadda ake cike fili da gajerun tsagu har duhu da haske su rabu. Maƙerin fari da ke yi wa azurfa ado da tsinke, da baduku mai buga zane a kan fata, da mai yi wa kamyo fenti a baya, da yaran da ke buga riguna lokacin zaɓe, kowannensu yana riƙe da wani ɓangare na aikin. Ba wanda ya taɓa tara su ya ce musu ga garinku, ku fito mana da shi.

Abin zanawa kuwa ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Akwai kasuwar dabbobi ta Illelar Sakkwato ranar Lahadi, da babura masu ɗauke da jarkokin mai a kan hanyoyin daji, waɗanda doka ba ta so amma tarihi zai tambaya. Akwai magudanan ruwan gonakin rani da madatsun Mozage da Zango ke shayarwa, inda mai son ya gwada hannunsa a kan ƙyallin ruwa zai sami abin da Signac ya je nema Saint-Tropez. Akwai rudun albasa a ƙauyukan Galmi, da mararrabar Tsarnawa inda hanyar Tawa ta rabu da ta Maraɗi. Akwai ɗaya Illelar, ta Adar, garin Sarkin Adar, wadda samarinta ke cika motocin zuwa ci-rani a biranen gaɓar teku bayan girbi, su kuwa sun ga tashoshin Abijan da Legas da idonsu, wasunsu ma a can suke dako. Ga hasken hunturu, lokacin da ƙura ke shanye launin komai ta bar siffa kawai, wanda ya fi dacewa da baƙi da fari fiye da duk wani hasken bakin teku.

Saura wanda zai biya. Tafiyar Signac ta tashoshi ɗari ba gwamnati ce ta ɗauki nauyinta ba, wani ɗan kasuwa ne mai suna Gaston Lévy, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kantunan Monoprix, kuma sharaɗinsu mai sauƙi ne: a kowace tasha a yi hoto biyu, ɗan kasuwa ya zaɓi ɗaya, mai zane ya riƙe ɗaya. Ban ga dalilin jiran ma'aikatar al'adu a Yamai ko wata ƙungiyar agaji daga Turai ba. Alhazan da suka yi arziki da wannan iyaka, da ƙungiyoyin direbobi, da na masu fataucin albasa, da kamfanin siminti, su ne tashar ta ciyar, kuma da yawansu sukan buga kalanda duk ƙarshen shekara su raba wa abokan ciniki. Kuɗin takarda da na maɗaba'a an riga an ware su. Abin da zai ƙaru shi ne ladan mai zane ɗan garin, da yarda cewa a saman watan Janairu, maimakon benen Dubai, za a sa layin motoci a gaban duwan ɗin Ƙonni, da sunan wanda ya zana a ƙasa, da shekarar da ya zana.